Allin da Na Ƙara

Litinin, 3 ga Maris

Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin gwajin nan, ban taɓa ganin Manaja ya miƙe wa kowa ba. Yau ya miƙe wa sabuwar ma'aikaciyar nan da nake kira Mai Jan Biro, har da ja mata kujera! Wata huɗu kacal da ɗaukarta aiki. Ni da na haɗa man goge bakin da ke riƙe da kamfanin nan, "sannu Malam" kawai na samu. Ba komai. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta same ni a teburina, har da rusunawa. "Baba, ku yi haƙuri, akwai abin da na gani."

Wai allin da na ƙara a man, wanda ke sa haƙori fari tas, shi ke kama sinadarin fulorayid ɗin da ke cikin man a hankali cikin bututu. Kafin wata shida sai ɗan kaɗan ya rage da zai kare haƙori daga ruɓewa. Na ce kullum ina gwadawa, kullum daidai yake fita. Ta ce ai sabon haɗi nake gwadawa, ita kuwa tsofaffin bututu ta kwaso daga sito. "Baba, mai saye ba ranar da aka haɗa yake saye ba."

Ladabin nan nata ya fi zagi ciwo.

Talata, 11 ga Maris

Direba ma yanzu Dakta yake ce mata. Dakta!

Laraba, 12 ga Maris

Manaja ya kira ni ofis. Rahotonta ba zai wuce ba sai da sa hannuna, nan da Juma'a ta sama. In na sa, a janye haɗina a yi sabo, ita ce za ta jagoranta. In na ƙi, magana ta mutu. Da gani shi ma hakan ya fi so, sauya haɗi wahala ce.

A gida na yi ta faɗa, maman yara tana ninke kaya ba ta ko ɗago ba. Daga ƙarshe ta ce, "Malam, hassada ga mai rabo taki ce." Na ce wa ke hassada? Ta yi dariya. To, ina yi ɗin. Ina jin haushin kaifin kan Mai Jan Biro, da yadda take rubutu ba ta goge ko harafi ɗaya, da ma takalminta da ba ya ƙara.

Asabar, 15 ga Maris

'Yata ta kawo jikata, kumatu a kumbure. Kogo biyu a turamen haƙoranta. Shekararta shida, safe da yamma take goge baki, kuma ba ta yarda da kowane mai sai "man Kaka". Ni nake kai musu katan guda, su shekara suna amfani da shi.

Na ce alewa ce. Uwar ta ce, "Baba, wace alewa? Ka san ba na ba ta."

Litinin, 17 ga Maris

Da kowa ya fita cin abincin rana na ɗauko tsohon bututu ɗaya daga sito. Na gwada sau uku, don in kama Mai Jan Biro da kuskure. Lambar da ta samu ita na samu, ko ɗigo bai bambanta ba.

Na wanke kwalaben da sauri kamar ɓarawo.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban gaishe ta ba yau. Ita ta gaishe ni sau biyu.

Juma'a, 21 ga Maris

An cire wa jikata turmi ɗaya da safe. Ni na riƙe mata hannu.

Na sa hannu a rahoton. Ba don Mai Jan Biro na yi ba, kowa ya sani. Manaja ya dube ni ya dubi takardar, ya ce na tabbata? Na ce ya janye kayan kawai.

Ta zo tana godiya har idonta ya yi ja, na ce ta je ta yi aikinta. Har yanzu ina ganin ta cika iyayi.

Ranar Litinin za ta nuna min yadda take ajiye bututu a akwatin ɗumi don ya tsufa da wuri a gwada. Na sayi sabon littafi a hanya. Don kar in manta ne kawai, ba wai ɗalibinta na zama ba. Na dai ce mata ta riƙa magana a hankali, hannuna ba ya saurin rubutu kamar da.