Jirwayen Bangon Falo

'Yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaramin mijin nawa? Ni ƙafa ta yi sauƙi. Tun faɗuwar da na yi a banɗaki ko tuntuɓe ban sake yi ba, don haka ki bar maganar in tattara in dawo wurinki.

Ƙaninki Auta ne ya sa na ɗauki biro. Yaron da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai na gaji da magiya kafin ya canja, shi ne yau ya damu da gyaran falo. Ya zo ya yi ta ɗaukar hoton bangon nan mai shan ruwa tun babanku na da rai. Kin san jirwayen da ke jikinsa, mai kama da buta. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya sa wa hoton wani abu da ya kira filta, ya lanƙwasa shi, ya sa ya fuskanci kansa kamar a madubi, ya yi ta maimaitawa, sai ga buta ta zama furanni a jere. Ya gwada wata filtar, suka koma kamar igiyar ruwa, bai so ba, ya dawo da furannin. Wai zai buga a takardar bango ya liƙa mini.

Zanen ya yi kyau, launin ne abin dariya. Kin san shi, har yau ja da kore duk ɗaya ne a idonsa. Na tambaye shi me zai hana a fara kiran magini ya toshe inda ruwan ke shiga, sai ya kama sosa ƙeya. Da walakin, goro a miya.

Ki gaida kowa.
Mahaifiyarki

'Yata,

Sallama da fatan alheri. Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda nake.

An liƙa takardar. Kore ne mai duhu da ratsin ruwan zuma, maƙwabta har sun fara shigowa kallo. An yi ruwa shekaranjiya, na je na tsaya gaban bangon. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan keken ɗinki ina haɗa zane da zane, sai da na shafa da hannu kafin na gane inda ya jiƙe. Danshin ya fito, amma ya shige cikin furannin ya ɓace, tunda daga jikinsa aka zana su. A nan gabana ya faɗi. Wannan ba ado ba ne, rufa-rufa ce.

Jiya kuma ya shigo da wani mai tumbi, wai abokinsa ne da yake son ganin zanen. Mai kallon furanni me ya kai shi buɗe famfo, da ƙwanƙwasa ƙofofi, da leƙa ɗakin babanku? Ungulu ba ta jewar banza. Ina jin Auta sayar da gidan nan zai yi, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Na san rabona a ciki kaɗan ne, naku ne ku biyu. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne ba zai iya ba sai da hannunki. Ki kira shi ki ja masa kunne.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Amsarki ta iso. Kin ce in kwantar da hankalina, zargi ba kyau, Auta kyautata mini yake yi.

Na karanta ina zaune a falo, na ɗaga kai na dubi bangon. Yaron da ya taɓa tafiya makaranta da safa ɗaya ja ɗaya kore bai sani ba, wa ya zaɓar masa wannan launin? Kore mai duhu da ruwan zuma. Labulen ɗakinki ke nan, da mayafin da kika zo da shi bara, da rigar da kika yi mini kuka sai da na ɗinka miki kina 'yar firamare. Da Auta ya shigo, ban ko tsananta masa ba. Na ce wane kore yayarka ta ce ka sa, sai ya sunkuyar da kai.

Yau mai tumbin ya dawo da dillali. Na yi musu maraba, na kawo ruwa, na jawo wa mai tumbin benci jikin bangon na ce ya jingina ya huta. Da ya tashi, farar rigarsa ta manne a bayansa sharkaf. Ya shafa rigar, ya shafa bangon, ya dubi Auta, ko ruwan bai sha ba ya fita. Babanku bai taɓa cutar kowa a gidan nan ba, ba za a fara ina raye ba.

Na san tsoron kada in sake faɗuwa ni kaɗai ne ya sa ki. Amma raina ya ɓaci, 'yata. Ke na kai wa kukana, ashe ke ce mai zaɓen launi. In kina so in dawo wurinki, ki zo ki zauna a falon nan ki faɗa mini da bakinki, wataƙila ma in yarda. Takardar ban cire ba, tana da kyau. In za ki zo, kada ki sa fararen kaya.

Mahaifiyarki