Duwatsun Yaya da Romawan da Ke Bakin Ƙofa

Salama gare ku 'yan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau ba barkwanci na zo yi ba.

Ni ɗan kudancin Kaduna ne, ina wanke kwanuka a wani gidan cin abinci na Larabawa a unguwar Bukit Bintang, nan ƙasar waje, boko kam mun gaisa mun rabu. A unguwar Danau Kota nake kwana wurin yayana, shi yana digirinsa na uku kan duwatsu, e, duwatsu. Shi ne kuma ke koyarwa a zumuntarmu, wato taron ibada na Hausa da muke yi a falon wani dattijo, muna ce masa Baba. 'Yar Baba ce Yaya zai aura.

Watan jiya mun je yawo kogon Batu, na tambayi Yaya shekarun dutsen, ya ce miliyoyi. Na ce to kwana shidan halitta fa? Ya ce ya gaskata Allah ne ya yi komai, amma ranar Allah ba lallai ta zama irin ranar agogona ba. Ran Lahadi bayan sujada muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, Baba na bayanin duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, sai bakina ya kufce na ce, “Baba, ashe dutsen Batu ya girmi duniya, sai dai ta ce masa yaya.” Ni kaɗai na yi dariya.

Tun ranar zumunta ta rabe biyu, masu kwana shida da masu miliyoyi, Baba kuma yana zargin daga bakin Yaya na ji maganar. Daddawa da kuka da yajin da ake kawo mana daga gida a raba, matar Baba ta kulle su a kabad, ta ce ba mai ɗanɗanawa sai an san wa ke da bangaskiya. Hayaniyarmu ta kai masu kula da ginin sun buga ƙofa, sun ce in aka ƙara a daina taro. Anti, wato budurwar Yaya, ta daina ɗaga wayarsa.

Yaya ya rame, ko na yi masa tapau, wato na ƙunso masa abinci, sai ya huce a leda. Karatun tarihi kawai yake, yadda Yahudawa suka yi wa Romawa tawaye suka kore su daga Urushalima, sannan suka juyo kan junansu, har suka ƙone rumbunan hatsinsu da hannunsu, Romawa suka dawo suka same su da yunwa suka rushe Haikali. Na so in ba shi dariya na ce ashe Baba ne Kaisar, ya kalle ni ya ce, “Ba Roma a cikinmu, duk 'yan cikin gari ne.”

Yanzu Baba ya ce Lahadi mai zuwa in tsaya gaban kowa in faɗi abin da na ji a kogo. In na ce shirmena ne, kowa zai yarda, an san ni, aure ya tsira. Amma Yaya ya ce in na yi ƙarya a gaban jama'ar Allah saboda shi, shi da kansa zai miƙe ya ƙaryata ni. In kuma na faɗi gaskiya, ba koyarwa, ba Anti.

Jama'a me zan ce? Kada wani ya ce in yi shiru, na gwada, ban iya ba.