Addar Gaske a Hannuna

Erie, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta ƙani zuwa ga babbar yaya, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Ilu da yara. Na ji ciwon gwiwar Inna ya lafa, Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma ji Balaraba ta sauka lafiya, Allah ya raya. Ni ma ina nan ƙalau, sai gajiya, wadda ta riga ta zame mini riga.

Na san labari ya iso gida cewa na sari wata mata, 'yan sanda sun riƙe ni. Wanda ya kawo muku rabi ya kawo, ga sauran. Kin san shekara tara ke nan ina fitowa a makashi cikin ƙananan finafinan ban tsoro, masu kwaikwayon na shekara arba'in baya. Fim goma sha ɗaya, kullum kaina cikin buhu mai huji biyu, ban taɓa furta kalma ba. Tsawona suke haya, ba ni ba. Daraktan na bana, Wendell, ya rantse ba zai ɗauka da kyamarar zamani ba, sai tsohon zaren fim irin wanda ake kaiwa a wanke. Zaren kuwa tsada gare shi, in ya fara juyawa ba mai tsayar da shi, ko gobara ta tashi.

Adda biyu muke da su: ta ƙarfe don a nuna ƙyallinta, ta roba don sara. Ran nan da hantsi, a bakin tafki, zan sari jarumar fim ɗin, Corinne, a dantse. Ina tsaye da ta roba, an buga allon fara ɗauka, kyamara na juyawa, sai na ji an zare ta an cusa mini wata. A cikin buhun nan ba na ganin gefe. Na kai sara, ta kurma ihu, jama'a suka hau tafi. Wendell har tsalle yake, wai bai taɓa jin ihu mai daɗin wannan ba. Jikinta dama sharkaf yake da jinin wasa, ruwan sikari ne da jan kala, wa zai bambance? Amma wanda ya taso yana riƙe wa Baba rago ranar layya ya san ƙarnin jini. Na fizge buhun na jefar, na ɗaure mata hannu da bel ɗina, Wendell na zagina na ɓata masa zare.

Ɗinki goma sha huɗu aka yi mata. Da 'yan sanda suka tambayi Wendell wa ya canza addar, sai ya ce bai tuna ba, wataƙila ni na ɗauko addar da kaina daga tebur. Saura kowa ya ce idonsa na kan Corinne. Lauya ta gaya mini gaskiya: in aka shigar da ƙara, takardun zamana sun tafi, ko gidan yari ko jirgin mayar da ni gida. Yaya, ba komowa gida nake tsoro ba, komowa da sunan mai saran mata nake tsoro, Inna na da rai.

Shaida ɗaya ta rage, zaren nan, shi kuma sai an aika wata jiha an wanke. Kwana goma sha biyu na yi ina jira, ina tsine wa tsohon yayi da masu sonsa. Ranar da aka haska shi a ofishin lauya, ga Wendell ƙarara ya duƙo a guje, ya zare ta roba ya sa mini ta ƙarfe, don ta roba ba ta ƙyalli a rana, kuma ba ya son tsayar da kyamara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. An sallame ni ran nan.

Ba zan ce Wendell mugu ba ne, matsoraci ne da son fim ya rufe wa ido. Ya zo har ɗakina yana kuka, na ba shi shayi, ban ba shi hannu ba. Ni ma da nawa laifin: na ji nauyin ya canza, amma shekara tara an koya mini kada in tsaya, ban tsaya ba. Na faɗa wa Corinne haka a asibiti. Ta yi dariya ta ce, "Dodo, mutum sittin ka kashe a fim a banza, sai a kaina za ka koyi aikin?" Ta yafe, hannun kuma yana motsi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarshen zaren, inda buhu ya faɗi. Wani tsoho na gani mai furfura, idonsa cike da tsoro, sai da na daɗe kafin na gane ni ne. Fim goma sha ɗaya, ranar ce kaɗai aka ga fuskata. Na mayar musu da buhunsu. Ki gaya wa Inna ɗanta bai kashe kowa ba, ko na wasan ma ya daina.

Ki gaida Inna da kyau, da Malam Ilu, da Kawu Mudi, da Balaraba da jaririnta, da Lantana mai tsokana. A sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sallau