Yatsan Alhaji Muntari Maiturare a Tafkin Gamji

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da rai da mutuwa ke hannunsa, Ƙungiyar 'Yan Tseren Kwalekwale Mai Zane ta Tafkin Gamji, wadda ta haɗa rassan Anka da Gummi da Bukkuyum, a madadin Uban Ƙungiya, da Mai Girma Shugaba, da Kwamitin Amintattu, da dattawan rassa da ɗaukacin 'yan ƙungiya, tana sanar da jama'a rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Alƙalin Tserenta na dindindin kuma Sarkin Tutarta, dattijon arziki Alhaji Muntari Maiturare Bukkuyum, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Asabar ta rufe tseren bana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A irin wannan saƙo an saba cewa an samu labarin rasuwa. Mun rasa yadda za mu rubuta haka, domin mu ba labari aka kawo mana ba. A gabanmu ya rasu, idanunmu duka suna kansa, kuma ba mu sani ba. Wannan ne ya jawo jinkirin fitowar saƙon, kuma muna neman afuwar iyalansa da duk wanda ya yi ta sauraren ya ji ta bakinmu.

Marigayi Alhaji Muntari tsohon malamin gona ne, wanda aikin gwamnati ya taɓa kai shi ƙasar Yawuri, inda ya ga masunta suna kafa sanda a tsakiyar kwalekwale su ɗaura mata zane, iska ta tura su ba tare da sun taɓa filafili ba. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, abin bai bar ransa ba. Da buhunan taki ya ɗinka zanen farko, ya shiga tafki shi kaɗai, ya kife a gaban mata masu wanki, ya fito yana dariya ya koma. Mutanen gari suka laƙaba mana suna masu shanya a tsakiyar ruwa, kuma har yau wasu da haka suke kiranmu. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Daga wannan kifewa ne ƙungiya ta tashi, ta tara malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa daga garuruwa uku, mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba kafin su haɗu da shi.

Shi ya kafa dokar cewa ba mai taka kwalekwale sai da rigar hana nutsewa, ko da kuwa Shugaba ne, kuma cikin ikon Allah ƙungiya ba ta taɓa rasa rai a ruwa ba a zamaninsa. Shi ya zauna da masunta aka raba tafki, ba ma bi ta inda suka shimfiɗa komarsu ta kamun kifi. Shi ya je har ruga ya yi wa makiyaya alkawarin ba za mu kusanci mashaya da zane a buɗe ba, saboda shanu na firgita. Wanda duk ya san yadda mutumin Anka da na Gummi ke musu a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya san ba ƙaramin mutum ne zai riƙe su a ƙungiya ɗaya ba.

Dole mu bayyana yadda yake yanke hukunci, domin a nan damuwarmu take. Ranar tsere yakan zauna bisa kujera a cikin wani kwalekwale da aka ɗaure da dutse a tsakiyar ruwa, yana fuskantar itacen gamjin da ke gaɓar gabas. Tsakaninsa da itacen nan shi ne layin ƙarshe. Da yake iska na kwashe murya a kan tafki, ba ya faɗin wanda ya ci da baki. Sai ya busa usur, ya ɗaga hannu sama, ya nuna lambar kwalekwalen da ya riga shiga da yatsunsa. Saboda haka ne ma ƙungiya ba ta taɓa wuce kwalekwale goma ba. Da aka kawo na sha ɗaya ya ce a mayar, yatsunsa sun ƙare.

A ranar da abin ya faru, kwalekwale biyu ne suka iso layi kai da kai: lamba ɗaya na Malam Naziru Gummi, da lamba biyu na Malam Sufyanu Anka. Daga gaɓa ba mai iya rantsewa a kan wanda ya riga. Kowa ya juya ga Alhaji, sai muka ga ya ɗaga hannun dama, yatsa ɗaya a miƙe. Malam Naziru yana cikin tseren nan tun ranar da aka kafa ƙungiya, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya, har abokan wasa suna kiransa Ɗan Rakiya, kuma ciwon kafaɗa ya sa ya riga ya sanar cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a ruwa. Don haka ba mutanen Gummi kaɗai suka yi ihu ba. An ɗauke shi bisa kafaɗu, an miƙa masa kofi, an yi kiɗa, Malam Naziru yana kuka kamar yaro. Muna cikin haka wani ya lura Alhaji bai nemi a zo a ɗauke shi ba. Waɗanda suka je suka tarar da shi zaune daram a kujerarsa, hannu a kan cinya, yatsan nan har lokacin a miƙe, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Muna jin kunyar kiɗan nan, kuma za mu daɗe muna jin ta.

Tun daga makabarta magana ta rabu biyu, kuma har yanzu ba ta haɗu ba. Wasu suka ce hukunci ya yanke, lamba ɗaya ya nuna, ya gama aikinsa sannan ya tafi. Wasu suka ce a'a, mutumin da ya ji mutuwa ta zo masa ne ya ɗaga yatsan shahada, mu kuma da hankalinmu ke kan kofi muka karanta lamba. Masu cewa shahada ce suka kawo hujjar cewa gabas yake fuskanta. Aka tuna musu cewa kullum gabas yake fuskanta, can gamjin yake. Masu cewa hukunci ne suka ce sun ji usur. Wasu suka rantse kukan tsuntsuwa ƙirinjijiya ne daga cikin ciyawa, kuma an tarar da usur ɗin a rataye a ƙirjinsa. Aka ce ai kullum a rataye yake komawa in ya gama busawa. Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Mai sa hannu a wannan saƙo mutumin Anka ne, ya kuma san duk abin da ya faɗa za a ce Malam Sufyanu yake wa aiki, alhali shi kansa Malam Sufyanu ya ce bai san ko ya riga ko an riga shi ba, ruwa ya cika masa ido a lokacin. Wallahi, har yau ba mu san abin da muka gani ba.

Da a kan kofi kaɗai abin ya tsaya, da mun bar shi ya kwana. Amma da shugabanni suka je gaisuwa gidan marigayi, mai ɗakinsa, mahaifiyarmu Hajiya Dija, wadda kowa a ƙungiya ke kira Inna, ta sa aka kira su bakin ƙofarta. Ta ce: "Ni ban san tsere ba, ban san lamba ba. Ku at tare da shi wurin. Abu guda ni ka so ku hwaɗa min: Alhaji ya cika da kalma, ko ko ƙirgan jirage ya ka yi har ya tahi?" Limamin unguwa ya yi mata nasiha cewa Allah ne masanin ƙarshen bawa, kuma rayuwar Alhaji shaida ce babba. Ta ce ta sani, ta kuma yarda, amma tana son ji daga bakin waɗanda suka gani. 'Ya'yanta sun shaida mana cewa tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa fatiha, Malam Naziru Gummi ya iso da kofin a naɗe cikin rawaninsa. Ba kwamiti ne ya kira shi ba. Ya ajiye kofin a gaban Shugaba, ya nemi a kai shi inda Inna za ta ji muryarsa, ya durƙusa ya ce: "Inna, ni ak kusa da shi duk tabkin. Ba ni ya ka nuni ba. Ko kallona bai yi ba. Sama ya ka kallo, bakinai na motsi." Inna ta ce alhamdu lillahi, ta nemi a kawo mata fura.

Waɗanda suka san ruwa a cikinmu sun san cewa mai tuƙi, a irin iskar ranar, zane kan shiga tsakaninsa da kujerar alƙali in ya zo layi. Wasu sun ce ta ƙarƙashin zane ana iya hangowa. Wasu sun ce da wuya. Babu wanda ya tambayi Malam Naziru, kuma kwamiti ya hana a tambaye shi. Daga baya Inna ta aiko da roƙon a mayar masa da kofinsa, tunda ya sha wahala. Ya ƙi, ya ce in ya karɓa, to lambarsa yatsan ya nuna ke nan, ba shahada ba.

Bisa haka, Kwamitin Amintattu ya amince da shaidar Malam Naziru Gummi, ya kuma zartar cewa tseren bana ba shi da gwani.

Akwai kuma roƙo guda da muke yi ga jama'a. Labari ya iso mana cewa wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauki hoton bidiyo na ƙarshen tseren da wayarsa, har ana cewa ana ganin layin da fuskar marigayi sarai. Ba mu gani ba. Mun san mu ne muka cika gari da cewa muna son sanin gaskiya, mun kuma san wannan roƙo zai yi kama da tufka da warwara. Duk da haka, ƙungiya tana roƙon mai wannan waya, don girman Allah, kada ya kawo wa kwamiti, kada ya tura wa kowa, kada ya nuna wa iyalan marigayi. Malam Naziru ne ya fara neman a yi wannan roƙo, alhali shi kaɗai ne hoton zai iya mayar wa da kofi.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Dija, da 'ya'ya da jikokin marigayi, da 'yan uwansa, da dattawan Bukkuyum, da masunta da makiyayan Tafkin Gamji waɗanda suka bar koma da garke suka zo jana'iza. Allah Ya jiƙan Alhaji Muntari Maiturare, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Ya Allah, Kai Ka san abin da yatsan bawanKa ya nuna. Ka karɓa masa shi a matsayin shahada, Ka sa mu ma mu cika da ita. Amin.

Sa hannu:
Malam Sadiq Bello Anka,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar 'Yan Tseren Kwalekwale Mai Zane ta Tafkin Gamji,
a madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu.
Oktoba, 2016.