Askar Baba a Cikin Durowa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Bayan haka, raina a ɓace yake. Mai wankin layinmu ya zo nan garin, ya ce min ka daina aiki da askar Baba, ka sayo inji mai ƙugi. Har fatar wasa aska da ke rataye a gefen madubi ka cire. Haba Yaya! Shekara arba'in Baba yana aski da askar nan, kuma da hannunsa ya damƙa maka. Komai sai an canza shi? To me zan tarar in na zo gida?

Ƙaninka,
Auta

Auta sarkin ƙorafi,

Muna amsawa. Kai da ke zaune a ofis fanka na kaɗa ka, ashe kana da lokacin ƙirga kayan shagona. Ka manta ihun da kake yi in Baba ya ɗauko askar nan, sai na danne maka ƙafafu? Yau kuma ta zama abar ƙaunarka. Tana nan cikin durowa, na shafe ta da mai. Injin yana da sauri, mutane na so. Ka ci abinci, an ce ka rame.

Yayanka

Auta,

Ina gaisuwa. Yayanka bai san na rubuto ba. Wata biyar ke nan hannunsa na dama yana rawa, shayi ma da hannu biyu yake riƙewa. Ranar nan ya yanki tsohon direban nan a bayan kunne, mutumin da tun zamanin Baba nan yake aski. Tsohon dariya ya yi, amma Yayanka da ya dawo ko ruwa bai sha ba. Ya ce askar Baba ba ta taɓa fitar da jinin kowa ba sai a hannunsa. Da na ce ya rufe shagon ya huta, harara ya watsa min. Ni na matsa masa ya sayi injin, in laifi ne nawa ne. Wasiƙarka ta sa shi kuka, kada ka ce na faɗa.

Ka huta lafiya,
Antinka

Yaya,

Barka da aiki. Ka yafe min, bakina ya yi sauri. Ran Asabar ina tafe, na tara suma ta sati huɗu, kuma da injin nan za ka yi min. In ka gama, ka fito da askar, ka mayar da fatar gefen madubi, ka hau kujera. Ni zan aske maka. Ban iya ba, sai ka koya min. In ka yi ihu, Anti za ta danne maka ƙafafu.

Naka,
Auta