Roƙo a Ɗage wa Habu Hukuncin Kwamin Rijiya

Zuwa ga Sarkin Tasharmu, uban direbobin layin Gure zuwa Kelle.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, ina gaida dattawan da ke zama da kai. Ni ne Isufu, mai jan farar motar nan kat-kat, yayan Habu. Na rubuta a fili, na roƙi a manna a bangon tasha, domin a gaban kowa aka yanke hukunci, ya kamata kowa ya ji abin da ban iya faɗa ba ranar.

Na farko, yadda abin ya faru. Habu shekararsa goma sha bakwai. Sati biyu ina koya masa tuƙi da izinin mai motar, a filin rairayin da ke bayan gari, inda dukanmu muka koya. Ranka ya daɗe, ka san karatun farko da ake ba kowane yaro a tasharmu: a cikin rairayi ba a ɗaga ƙafa daga wuta, wato totur, in ka ɗaga mota ta nutse, sai tono har la'asar. Haka aka koya mini, haka na koya masa. Duk ranar da ya sassauta sai na buge masa gwiwa. Birki kuwa na nuna masa shi sau ɗaya, na ce za mu zo kansa daga baya, tunda filin babu abin karo.

Ranar Talatar nan da hantsi muka hau tudun da ke gangarawa rijiya. Na san makiyaya da sassafe suke shayarwa su tafi. Ashe igiyar guga ta tsinke musu, shanu suna nan tsaye. Muna kaiwa kan tudu na gan su, na ce masa ya tsaya. Idona yana kan ƙafarsa. Wallahi na ga ta taso ta nufi birki, sai ta koma kan wuta, inda na saba mata. Na ja birkin hannu, mota ta juya gefe, ta daki kwamin simintin da dabbobi ke shan ruwa a ciki ta fasa shi, ta karya ƙafar karsana ɗaya. Goshin Habu ya bugi bolan, wato sitiyari, jini ya rufe masa ido. Babu mutumin da aka taka, alhamdu lillahi.

Na biyu, godiya, kuma ita ce ta fi yawa a bakina. Mai shanun, Baffa Umaru, dattijo ne daga wajen Bune. Na fito ina jiran sanda, don na san yadda karsana take a wurin mai ita. Bai ko dubi karsanar ba sai da ya warware rawaninsa ya ɗaure wa Habu kai. Daga baya ya sa aka yanka ta tun tana da rai, aka kira mahauta. Kai kuma, ranka ya daɗe, ka bar abincinka ka zo, ƙurar hanya a rigarka. Kai ka tsaya mini gaban jandarma, kai ka yi wa mai motar magana har ya huce. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ɗinke goshin yaron yana ta ba shi labarin yadda shi ma ya taɓa shiga dangar mutane da babur, har Habu ya yi murmushi. Direbobi suka kawo siminti, wanda ba ya ko gaisawa da ni shi ya kwaɓa. Kwana uku da kwamin yake bushewa, motocin tasha ne suka riƙa kai wa garken ruwa a tano, manyan gangunan ƙarfen nan. Ba ni da abin da zan saka muku da shi. Allah ne zai biya.

Na uku, kukana. An ce in ajiye makulli wata ɗaya. Na karɓa, ya yi daidai, har ya yi kaɗan. Amma an ce Habu kada ya ƙara taɓa bolan a tashar nan har abada, wai hannunsa ba na tuƙi ba ne. Wannan shi ne ya tsaya mini a rai. Na ji ana cewa yaro ya ruɗe. Ni da nake zaune kusa da shi na shaida bai ruɗe ba, biyayya ya yi. Abin da malaminsa ya dasa masa shi ya fito a lokacin tsoro. Da ya kasance yaro mai taurin kai ne, mai yin abin da ya ga dama, da wataƙila karsanar nan tana kiwo yau.

Ku dubi abin da ya yi bayan haka. Ba wanda ya aike shi, amma kullum da safe sai ya taka har rijiya da bandeji a kai, ya yayyafa wa sabon simintin ruwa don kada ya tsage. A can Baffa Umaru ya same shi, ya aiko shi gare ni da saƙo cewa karsana kwananta ne ya ƙare, kada mu bari a karya yaro a kanta, ƙafar dabba ɗaya ta isa. Mai asara ke nan. Yanzu Habu yana gida, ba ya cin abinci tare da mu, in ya ji ƙarar mota a ƙofa sai ya shige ɗaki. Ya bar lakwal, makarantar boko, tun bara, innarmu kuma ta sa ran wannan sana'a ce za ta riƙe shi. A garin nan wanda tasha ta rufe wa ƙofa, wa zai ba shi makulli?

Saboda haka ina roƙon a ɗage masa hukuncin. In dole sai an hukunta wani, a ƙara mini wata biyu a kan nawa, zan zauna ban ce uffan ba. Ina roƙon kuma dattawa su sa doka: kowane yaro ya fara da birki a kan gudron, wato kwalta, ko ƙasa mai tauri, sai ƙafarsa ta san shi sannan a kai shi rairayi, kuma a matsar da wurin koyo nesa da rijiya. In an yarda ya koma, kada a ba ni shi. A ba shi direban da ya fi ni, ni zan tsaya daga waje in kalla, in koyi yadda ake koyarwa.

Watana yana cika ranar Juma'a mai zuwa. Zan zo gaisuwa kamar kullum, Habu yana bayana. Ban gaya masa na yi wannan takarda ba, don kada in sa masa rai a kan abin da ba a hannuna yake ba. A hannunka yake, Baba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare motocinmu da fasinjojinmu, ya mayar wa Baffa Umaru da abin da ya fi wanda ya rasa.

Wassalam.

Ɗanka,
Isufu direba, Gure.