Da Wane Yatsan Zan Dangwala?

Zuwa ga Malama Kalpana, shugabar firamare,

Ina gaishe ki da hannu biyu a haɗe. Ni ne Harka Rokaya, kakan Nirmaya 'yar aji biyar. Ban yi makaranta ba, Lokendra mai shayi ke rubuta mini, kuma na gargaɗe shi kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Yarinyar ta kawo takarda wai in dangwala yatsa, za ku kai su sansani kwana uku, su kwana a tanti, su hau dutse, har a rataye su a waya su tsallake kwari. Wai wasa! Malama, ke 'yar birni ce. Shekara talatin da waya muke tsallake kogin nan, mu da awakinmu da majinyatanmu. Ita ta cinye mini babban yatsan dama. Ita ta saki Gorakh, uban yarinyar nan, cikin ruwa da buhun shinkafa a bayansa, ko gawarsa ba mu samu mun ƙona bisa al'adarmu ba. Sau goma sha ɗaya na taka zuwa ofishin gunduma kafin a yi mana gada, ranar buɗe ta kuwa ko kujera ba a ba ni ba. Yanzu in dangwala? Da wane yatsan?

Ba za ta je ba. Ki huta lafiya.

Harka

*

Zuwa ga Baba Harka,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wallahi ban san labarin Gorakh ba, ka yi haƙuri. Wayar sansanin akwai ɗamara da hular kwano, akwai masu kula. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Baba, ka san Nirmaya ba ta iya tsallake gadarka ita kaɗai? Kullum rufe ido take yi, ƙawayenta su ja ta. Ran da ba su zo ba, zama take yi a bakin gada har a tashi daga makaranta. Ta roƙe ni kada in faɗa maka. Ita da kanta ta ce a sa sunanta a tafiyar.

'Yarka, Kalpana

*

Malama,

Na gaishe ki, ko da yake raina a ɓace yake. Wato duk gari sun sani sai ni? Lokendra ma ya sani, ga shi nan yana sunkuyar da kai kamar jakin gishiri.

Jiya na shiga mota na je na ga sansanin naku. Wani yaro mai ɗan kunne cikin masu kula ya tare ni: "Kaka, hawa za ka yi?" Na ce, "Tun uwarka na goye nake hawa, ɗan nema." Ɗamararsu ba laifi, ban ce tana da kyau ba, na ce ba laifi. Amma da idona na ga yara na miƙa hannu suna taɓa waya a gaban 'yar tayar ƙarfen da ke gudu a kanta, shi kuwa yana latsa wayarsa ta aljihu! Na tura masa dungulmina a hanci na ce, "Ka ga abin da tayar nan ke ci?" Nan take ya mayar da wayar aljihu. A garinmu, kafin yaro ya hau, sai an cusa masa ƙullin igiya a kowane tafi, an ce ya matse har ya sauka. Hannun da ke riƙe da abu ba ya yawo. Wannan ma sai an koya wa masu takardar shaida?

Ga takardarku, na dangwala da na hagu. Sharaɗi ɗaya: zan bi ku, ni zan ɗaura ƙullin kowane yaro. In an hana ni, in taho da jikata.

Harka

*

Malama,

Gaisuwa. Kujerar da kika sa aka kawo mini a sansani, na gani. Ban zauna ba, don ba a ɗaura ƙulli a zaune.

Yau da safe na laɓe bayan shagon Lokendra. Ta tsallake gadar ita kaɗai, ido buɗe, igiyata a hannunta. A tsakiya ma ta tsaya, ta daɗe tana kallon ruwan.

Lokendra na cewa wai hawaye nake yi. Hayaƙin murhunsa ne, itacensa ɗanye ne kullum. Na ce kada ya rubuta wannan.

Harka